Goni Ba Ya Cikin Littafin Maki

Lateef ya karanta sunaye goma sha ɗaya, bai karanta na Goni ba. A gabana ya yi, ranar Asabar da hantsi, a gindin tsamiyar filinmu.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ke nan, wata uku da rantsar da farar hula. Filinmu na wasan kurket yana tsakanin Fagge da Sabon Gari, bayan layin dogo. Shekara goma sha biyar yana zagaye da waya. An ce umarni ne daga sama, ba a gaya mana saman wa ba. Da mulki ya sauya hannu, wata safiya muka tashi babu wayar. 'Ya'yan waɗanda suka yi wasa a nan suka taru suka ce za su tayar da Kulob ɗin Tsamiya. Suka kafa kwamiti na mutum biyar. Ni suka ƙara na shida, don a ce da dattijo a ciki.

Sunana Sharu. Shekara talatin da ɗaya na yi ina kula da filin nan kafin a rufe shi. Ni nake jan rola, wato mulmulallen ƙarfen da ake danne fili da shi. Ni nake shimfiɗa tabarmar da ake jifa a kanta, in kafa turaku uku a kowane gefe, in zuba farar ƙasa a iyaka. Ban taɓa riƙe sandar bugu a gasa ba. Amma tun zamanin Turawa ba a jefa ƙwallo a nan idona bai gani ba.

Abin da suka shirya shi ne allon katako. Za a kafa shi a jikin tsamiya, a rubuta da fenti sunayen gwanayen kulob goma sha ɗaya, tun kafuwarsa har rufe shi. Uchenna ya kawo katakon da fentin. Shi kayan gyaran mota yake sayarwa a Sabon Gari. Lateef shi ne sakatare, yana da shagon madara da sukari a Kasuwar Singa. Suka ce tunda lokacin zaɓe ya dawo, ƙuri'a za a kaɗa. Lateef zai tsamo sunaye daga tsofaffin littattafan maki, kwamiti ya ɗaga hannu.

Littattafan a wurina suke. Cikin akwatin kwano, a ƙarƙashin gadona a Fagge, na raba su da gara da ruwan sama duk shekarun nan. Ni na miƙa wa Lateef da hannuna. Sati biyu suka yi a wurinsa.

Ya fara karantowa. Na farko, na biyu, ban ga aibu ba. Na uku ya ce Alhaji Taofeek, wato mahaifinsa, wanda ya yi kyaftin shekara tara. Nan ma ban ja ba. Taofeek ya iya bugu, ko da yake gudu ba ya cikin abin da yake so. Da ya zo na shida sai ya gyara murya.

"Na shida, mai hannu biyu, wanda ya iya jifa ya kuma iya bugu. Ba a ma yi gardama a kansa ba. Marigayi Cyprian."

Sauran suka yi tafi. Uchenna ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Sake faɗa."

"Cyprian, Baba. Mahaifin Uchenna."

Na bari ya kai ƙarshe, ko sunan yana ƙasa. Ba ya nan.

Na ce, "Ina Goni?"

"Wane Goni, Baba? Su Goni da yawa a Kano."

Aka yi dariya. Na jira ta ƙare.

Na ce, "Mai hannu biyu ɗaya kulob ɗin nan ya taɓa yi. Babarbare ne. Buhun gyaɗa yake ɗauka a tasha. Da rana leburori sukan zo gindin tsamiyar nan su kwanta, shi ba ya barci, kallo yake. Wata biyu yana kallo. Ran nan ya ce in ara masa ƙwallo. Na kafa masa turke ɗaya. A jifa na uku ya raba shi gida biyu. Sai da na sassaƙa wani, na kuma zage shi."

Lateef ya ce, "To, Baba, mai ƙarfi ne. Ƙarfi daban, iyawa daban."

"Yi mini shiru in koya maka. Mutum goma sha ɗaya ake shiga fili da su. A zafin garin nan masu jifa huɗu ba sa kai ka la'asar, dole ka nemi na biyar. In na biyar ɗin bai iya bugu ba, ka yi asarar mai bugu ɗaya. In kuma ka ɗauki mai bugu ka ce ya taya da jifa, ka yi wa abokan karawa sadaka. Goni shi kaɗai yake toshe ramukan nan biyu. Kyaftin da yake da shi, da mutum goma sha biyu yake shiga, alƙali yana ƙirga sha ɗaya."

Na ci gaba.

"Tabarmarmu guda biyu ce aka haɗa. Akwai ɗinki daidai inda ƙwallo yake sauka, ni na yi shi, faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Cikin jifa shida Goni yakan sauke huɗu a kan ɗinkin nan. In ƙwallo ya taɓa wurin, ba mai sanin inda zai nufa, har mai tsaron turakunmu. A wajen bugu kuma shi ne na shida. Kun san me ya sa? Don na shida yana shiga ne ko gida ya cika ko gida ya rushe. In ya cika, ya ƙara masa. In ya rushe, ya tsaya. Ranar da Zage-zagi suka zo, a sittin da huɗu, sun fitar mana da mutum biyar muna da maki talatin da ɗaya. Har sun fara tambaya ta inda ake sayar da gurasa mai kyau, su saya su kama hanya kafin azahar. Goni ya shiga ba takalmi. Ya ci tamanin da huɗu. Ya ajiye sanda, ya sha ruwa a buta, ya karɓi ƙwallo, ya fitar da mutum bakwai. Zage-zagi ba su sayi gurasa ba."

Uchenna ya ɗago kai. A hankali ya yi magana.

"Tamanin da huɗu da mutum bakwai. Wasan Zariya, sittin da huɗu. Baba Sharu, wannan mahaifina ne. Tun ina yaro na haddace shi."

Na dube shi. Na dubi Lateef. Lateef yana kallon takardarsa.

Na san Cyprian. Akawu ne a wani kamfanin sayen gyaɗa, siriri, mai tabarau. Mutumin kirki. A shekararsa ta farko a kulob ƙwallo ya karya masa ɗan yatsa, bai ƙara riƙe sanda ba. Yakan zauna kusa da matarsa Philomena a teburin maki, ita tana rubutu, shi yana feƙe mata fensir da reza. A shekarar rikicin Araba, sittin da shida, suka gudu gabas a jirgin ƙasa. Bayan yaƙi ita ta dawo da yaro. Shi bai dawo ba.

Na ce, "Ubanka fensir yake feƙewa."

Uchenna ya miƙe, bencin ya faɗi. Lateef ya riƙe masa hannu.

Uchenna ya ce, "Albarkacin furfurarka, Baba Sharu. Albarkacinta kawai."

"Ajiye albarkacin. Abin da na gani na faɗa."

Lateef ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Yanzu mulkin doka ake, ba na 'ni na ce' ba. Ko littafi, ko shaidu biyu. Littafi ya ce Cyprian. Ku shaida ɗaya ne. Ku kawo na biyu kafin Asabar mai zuwa, mu sake ƙuri'a. Ranar Lahadi mai fenti zai zo."

"Shaiduna suna maƙabarta."

"To, Allah ya jiƙansu."

Na ɗauki sandata na tafi. Ban yi musu sallama ba.

A hanya na ƙirga. Taofeek ya rasu. Goni ya rasu a Kwaciri shekara goma sha huɗu da suka wuce, tari ne ajalinsa, mu bakwai muka kai shi. Sauran 'yan wasan lokacin, wasu Araba ta watsa su, wasu ƙasa ta rufe. A cikin waɗanda suka tsaya a filin nan ranar Zage-zagi, ni kaɗai nake taka ƙasa.

Kwana biyu ina juya abin. Littafi ya yi sati biyu a hannun Lateef. Uban Lateef ya fito na uku. Katako da fenti na Uchenna ne, ubansa ya fito na shida. Ka sa ubana in sa naka. Ba yau na fara ganin zaɓe ba. Na ga na farko, na ga na biyu, ga na uku. Wanda ya riƙe akwati shi yake sanin abin da ke ciki. Kuma sun san ni boko bai wuce lamba a wurina ba. Ina gane ɗaya zuwa dubu, don allon maki ni nake rataya wa lambobi. Suna kuwa, sai an karanta mini.

Ranar Litinin na je Singa. Masu turin baro sun cika hanya, ana sauke katan-katan daga babbar mota. Lateef yana bakin shagonsa yana yi wa direba faɗa. Da ya gan ni ya russuna.

"Baba! Da kanku? Da kun aiko."

"Littafin sittin da huɗu."

"Ku zauna tukuna. A kawo lemo?"

"Littafin."

Ya shiga ciki. Na bi shi da ido, in ga ko daga wuri ɗaya zai ɗauko ko zai yi zaɓe. Akwatina yana nan a bayan buhunan sukari. Ya buɗe a gabana, ya zaro, ya miƙo.

Na zauna a kan katan na duba. Na fara da zaren ɗinki. In an cire shafi an sa wani, zare zai nuna. Zaren tsoho ne, ya yi ja, ba a taɓa shi ba. Na ƙirga shafuka daga gaba zuwa tsakiya, daga tsakiya zuwa baya. Daidai suke. Na shinshina. Warin akwatina ne, da maganin gara da nake zubawa. A gefen bangon akwai tabon ruwa, na ranar da hadari ya taso na ruga da littafin a cikin rigata. Littafina ne.

Lateef ya ce, "Baba, ko ɗanɗana shi za ku yi? Akwai sukari."

"Nuna mini wasan Zariya."

Ya buɗe, ya ɗora yatsa. Na ga talatin da ɗaya. Na ga tamanin da huɗu. A ɗaya shafin na ga bakwai. Fensir ne, ya dushe, har ya yi ƙyalli don tsufa. Ba a goge komai ba. In an goge fensir takarda tana yin gashi. Wannan sumul take.

"Karanta sunan."

"Cyprian."

"Ba kai ba."

Na leƙa waje. Wani mutum yana tsaye da biro a aljihu yana jiran a ɗora masa kaya, daga ganinsa baƙo ne daga wani gari. Na kira shi. Na rufe komai da tafin hannuna, na bar sunan kawai.

"Malam, don Allah me aka rubuta nan?"

Ya matso da ido. "Cyprian. Sunan Inyamurai ne, Baba. Lafiya?"

"Lafiya. Na gode."

Lateef ya zauna a kan buhu yana kallona. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Baba, na san abin da kuke zargi. Wallahi sau biyu na bi littattafan nan, shafi-shafi, daga na hamsin da uku har na ƙarshe. Babu Goni. Ko sau ɗaya. Cyprian kuwa, shekara shida ba wasan da babu shi. In da maguɗi zan yi, ai da na ɗora mahaifina a na ɗaya, in kuma ƙara masa maki. Kun ga nasa? Sau goma sha ɗaya ana fitar da shi a wajen gudu. Ni kaina na ji kunya."

"Kai da Uchenna kun zauna kafin Asabar?"

"Mun zauna. A kan katako."

"Katako kawai?"

"Da fenti. Shi yana son shuɗi, ni ina son kore."

Ban yarda da shi ba, ban kuma kama shi ba. Na ce, "Rubutun nan hannun wa ne?"

"Ai kun fi ni sani. Maman Uchenna ce take rubuta maki a lokacin."

Na sa littafin a hammata. Ya ce na kwamiti ne yanzu. Na ce ya zo Fagge ya karɓa.

Ashe ba a sati biyun nan aka yi ɓarnar ba. Tun asali aka yi ta, a gindin tsamiya, ina can ƙarshen fili ina ɗaure tabarma. Mace tana riƙe da fensir, mijinta yana zaune kusa da ita, lebura yana zuba gumi a rana. Wa zai duba abin da take rubutawa? Na manta da ita a ƙirgen shaidu, don ba a cikin fili take tsayawa ba. Ga shi ita ce shaidar, ita ce kuma wadda nake zargi. Wani abu ya fara motsi a can bayan kaina, game da wani kati. Na ture shi.

Ranar Laraba da safe na shiga Sabon Gari. Gidan maman Uchenna yana nan inda na san shi, mai baranda da jan siminti. Philomena tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno, da faranti a cinya, tana ɓare agushi. Ta tsufa. Ta yi ƙiba, gashin ya yi fari fat. Hausarta kuwa ta fi ta wasu 'yan birni.

"Malam Sharu. Na san za ka zo. Ga benci."

"Maman Uchenna, ina kwana."

"Lafiya lau. Ya ƙafa?"

"Tana kai ni."

"Ta kai ka har inda ka hana ɗana cin abinci. Ranar Asabar ya zo nan, na dafa masa abin da yake so, ko taɓawa bai yi ba."

Na buɗe littafin a wurin da na sa tsinke, na ajiye a kan bencin tsakaninmu.

"Hannunki ne?"

Ta kalla daga nesa. "Nawa ne. Ka ga yadda nake rubutu da kyau a lokacin."

"Wa ya ci tamanin da huɗu?"

Ta ɓare agushi uku kafin ta amsa. "Ai kana wurin."

"Ke nake tambaya."

"Goni."

Na yi zaton sai mun yi dogon ja. Da ta faɗa haka kai tsaye sai na rasa abin da na tanada. Na ce, "Bakwai ɗin fa?"

"Goni."

"Shekara shida?"

"Duka. Kowane maki, kowane turke."

"Kika rubuta sunan mijinki."

"Na rubuta sunan da ke jikin kati. Kada ka zo mini da fuskar alƙali, Malam Sharu. Ka manta dokar gasa? Ba mai shiga fili sai mai katin kulob. Ba a ba da kati sai da wasiƙa daga wurin aikin mutum, da hatimi a jiki. Goni leburan yini ne. Yau wannan ɗan kwangila, gobe wancan. Wa zai buga masa hatimi? Taofeek ya ce ga katin Cyprian yana zaune ba aikin fari bare na baƙi. Ya karɓa. Kai ka kai wa alƙalin wasa jerin sunaye da katunan ranar farko. Da hannunka. Ina kallonka."

Abin da na ture ke nan ranar Litinin. Ya dawo ya zauna.

Na ce, "Rana ɗaya ce. Taofeek ya ce kafin a yi masa nasa."

"Shekara shida ce."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Ka tambaya? Kana can da rola. In an tashi ka karɓi littafi ka kulle a akwati kamar zinariya."

Wata maƙwabciya ta leƙo ta gaishe mu ta wuce. Philomena ta zuba ɓawon a kwando.

Na ce, "Goni ya sani?"

"Ya sani. Na taɓa kiransa na nuna masa. Na ce ga abin da ka yi yau, ga sunan da ke kai. Ya yi dariya. Ya ce takarda ta masu takarda ce, shi dai a ba shi ƙwallo."

Ban san ko haka aka yi ba. Maganar ta yi kama da Goni. Ta kuma yi kama da abin da mutum zai so a ce Goni ya faɗa. Matacce ba ya musu.

"Cyprian fa? Yana jin daɗi?"

Ta ajiye farantin a ƙasa. "Ka san shi, kada ka yi masa haka. In baƙi suka zo teburi bayan wasa suna neman gaisawa da Cyprian, tashi yake ya ce zai nemo ruwa. Sau biyu ya je wurin Taofeek ya ce a ba shi katinsa. Taofeek ya ce in ya karɓa, kulob ya mutu. Ya bari."

"To shi ke nan. Ba ke kika shirya ba, na ji. Na janye wannan. Asabar ki zo gindin tsamiya. Abin da kika faɗa mini yanzu, ki faɗa musu. Shaidu biyu suke so. Ni da ke."

Ta jawo littafin, ta goge hannu a zane, ta buɗe wani shafi, ta rufe.

Ta ce, "Da akwati ɗaya muka bar Kano. Mun dawo babu shi. Ko hoto ban tsira da shi ba. Yaron yana da shekara bakwai, kullum tambaya ɗaya. Mama, wane irin mutum ne babana? In ce masa me? Akawu ne mai tabarau, zazzaɓi ya kama shi a hanya muna gudu, ban san inda aka binne shi ba? Na kamo hannunsa na kawo shi fili. Kai ka buɗe mana akwatin littattafan."

"Kin ce za ki duba wani abu."

"Na buɗe na miƙa masa. Ya fara iya karatu a lokacin. Ya ga sunan a shafin farko, ya gan shi a na biyu, ya bi har ƙarshe da yatsa. Ban ce masa komai ba. Shi ya karanta."

"Shiru ma magana ce."

"Na sani."

"Yanzu ba yaro ba ne. Yana da mata, yana da 'ya'ya, yana da shago. Zai iya ɗauka."

"Ka san sunan ɗansa na fari? Ka san abin da yake gaya masa in zai tafi makaranta? Ka ga katakon da ya saya? Har Sapele, can kudu, ya aika a kawo, ya ce na nan ba ya jure rana."

Na ce, "Goni bai bar ɗa ba. Bai bar gida ba, a ɗakin haya ya mutu. Abin da ya bari a duniya ke nan, cikin littafin nan, shi ma da sunan wani. Ɗanki yana da ke. Yana da dangi a gabas. Goni ni kaɗai gare shi, ni kuma shekarata saba'in da huɗu. In aka shafa fentin nan ranar Lahadi, an gama. Duk wanda ya zo bayanmu allo zai karanta. Ni kuma in zama tsohon da ya ruɗe, wanda yake ƙirƙiro mutanen da ba a yi ba. A gabana suka yi dariya."

"Ashe dariyar ce ta kawo ka."

"Har da ita. Ban taɓa ƙarya a kan filin nan ba."

"Ban ce ka yi ba."

Wani ɗan acaɓa ya wuce yana ta hon ba kowa a gabansa.

Na sake dabara. Na ce, "To a bar Cyprian inda yake. Ban ce a goge shi ba. Ki zo kawai ki ce an yi wani Goni a kulob ɗin nan, ya iya jifa, ya iya bugu, kin gani da idonki. A cire na tara ko na goma a sa shi. Akwai wani a na goma da ko kaza bai iya jifa ba. Kada ki faɗi sauran."

Ta yi ɗan murmushi, ba na daɗi ba.

"Sai Lateef ya ce, Mama, ke kike rubutu, ina yake a littafi? In ce me? Kai kuma ka riga ka faɗi tamanin da huɗu da mutum bakwai a gaban kowa. Uchenna ɗan kasuwa ne, Malam Sharu. In ka ba shi biyu da biyu ba ya kwana bai haɗa ba. Tun ranar Asabar ma ya fara. Ya tsaya a ƙofar nan ya ce, Mama, Baba Sharu ya taɓa yi miki ƙarya? Na ce tsufa ne."

"Kin ce na ruɗe."

"Na ce tsufa ne."

Na miƙe. Ƙafar ta ɗan ƙi, na dogara da sanda. Na ɗauki littafin.

Na ce, "Kina zuwa coci duk Lahadi. Ni ina zuwa masallaci. Duk inda muka je abu ɗaya ake faɗa mana a kan shaida. Haƙƙin mutum ne a hannunki, ba ya nan balle ya nema. Ba roƙon ki na zo yi ba, ban iya ba. Asabar da hantsi. Zan sa a ajiye miki kujera a inda teburinki yake."

Ta ɗauki farantinta ta ɗora a cinya. Ta dube ni ido cikin ido.

"Ba zan zo ba, Malam Sharu. Ko su suka zo nan suka tambaye ni, Cyprian zan ce."